Ɗurin harsashin farauta a gida: ta ina mai farawa zai kama?

Baban Amira (Texas)

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wajen manyanmu da suka riga mu shiga wannan harka. Shekara uku ke nan ina fita farautar barewa a nan Texas da bindigata .308, kuma duk kwanson da na harba ban taɓa yar da shi ba, tarawa nake yi a wani bokitin fenti a gareji. Makon jiya wani abokin aikina da zai koma wata jiha ya ƙara min da nasa, yanzu sun kai wajen 400. Shi ne ya ce me zai hana in fara ɗura su da hannuna. Na leƙa shago na ga injuna kala-kala, na Lee, na RCBS, na Hornady, har kaina ya ɗaure. Abin da nake son sani: shin da gaske ana samun sauƙin kuɗi? Me ya kamata in fara saya? Sannan ina da yara biyu ƙanana a gida, uwarsu kuma hankalinta bai kwanta da maganar albarushi a gareji ba. Allah ya saka da alheri.

Alhaji na Minnesota

Wa alaikumus salam. Baban Amira, sannu da ƙoƙari. Kada ka sayi inji tukuna. Abin da za ka fara saya shi ne littafin ɗuri, irin wanda kamfanonin Lyman ko Hornady ko Speer suke bugawa, ka zauna ka karance babukan farko kaf kafin ka kai ga shafukan lissafi. Ni da na fara, sama da shekara 20 da suka wuce, wani dattijo maƙwabcina ne ya ɗora ni, kuma sai da na yi kusan wata guda ina zuwa ɗakinsa na ƙasa ina kallo kafin ya bar ni na taɓa sikeli.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, faraima da ke gindinsa wadda allurar bindiga ke bugawa ta ba da tartsatsi, garin albarushi, sai ƙwayar da ke fita. Uku suna tafiya da harbi ɗaya, kwanso ne kaɗai ke dawo maka, shi ne kuma yawanci ya fi tsada a cikinsu. Idan aka harba, kwanso yana kumbura ya cika mazauninsa. To aikinka shi ne ka wanke shi, ka shafa masa mai kaɗan, ka danna shi cikin ƙarfen nan da muke ce wa dayis ya koma girmansa na asali, tsohuwar faraima ta faɗo, ka auna tsawonsa, ka sa sabuwar faraima, ka auna gari ka zuba, ka zaunar da ƙwaya. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ka sani bindigar .308 tana aiki ne da matsin da iyakarsa ta kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da ke tsara wannan ma'auni a Amurka tun 1926. Wannan matsin kuwa dab da idonka na dama yake tashi. Shi ya sa nake cewa littafi ne farko.

Abu Safwan

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ni kan maganar kuɗi zan tsaya, don nan ne ake yaudarar mutane. Baban Amira, harsashi nawa kake harbawa a shekara? In kai irin mafaraucin nan ne da zai harba biyar ya duba saiti a watan Oktoba, ya harba ɗaya ko biyu a daji, to wallahi kwali biyu ya ishe ka shekara. Inji da dayis da sikeli da ma'aunin tsawo da abin datse kwanso za su ci maka ɗaruruwan daloli kafin ka ɗura ko ɗaya. Sai ka yi shekaru ba ka mayar da kuɗinka ba. Kuma .308 tana cikin harsasan da babu shagon da ba ka samunsu. Da a ce wata baƙuwar bindiga ce gare ka mai wuyar harsashi, da na ce bismillah.

Baban Amira (Texas)

Yaya Abu Safwan, a gaskiya ba na wuce 60 zuwa 80 a shekara. Amma tsada ce take hana ni zuwa filin harbi yadda nake so. Bara na harbi wata barewa ban same ta inda ya dace ba, muka bi jini har duhu ya yi ba mu gan ta ba. Abin ya tsaya min a rai har yau. Na san da ina yawan gwaji da ba a yi haka ba.

Alhaji na Minnesota

To ka ji dalili na gaskiya, kuma shi ne wanda ya fi min na kuɗi. Abu Safwan bai yi ƙarya ba, ni ban taɓa ganin wanda ɗuri ya bar masa kuɗi a aljihu ba. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin da kake kashewa a kan harbi 80 zai ba ka ninkinsa ko fiye, sai hannunka ya faɗa, ka san bindigarka kamar yadda ka san motarka. Ga kuma wani abu: ka tuna 2020 da 2021 da kantoci suka zama wayam. Waɗanda suke da 'yar ajiyar faraima da gari sun fita farautarsu lafiya lau.

Abu Safwan

Alhaji, a wancan lokacin ai faraimar ma ta fi harsashin wuyar samu. Na yi wata takwas ina yawo ban ga kwali ɗaya ba. Wanda ba shi da ajiya, injinsa zaman banza ya yi.

Alhaji na Minnesota

Haka ne, na yarda da wannan.

Maman Hanif

Salamu alaikum. Ni ba na farauta, maigidana ne yake yi, amma ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma maganar yara ce ta sa na sa baki. Baban Amira, damuwar Maman Amira tana kan hanya, sai dai abin da ya fi ba ni tsoro ba gobara ba ne, dalma ce. Mutane suna ɗauka dalma a ƙwayar harsashi kaɗai take. Yawancin faraima akwai sinadarin dalma a cikinta, kuma idan aka harba, ƙurarsa tana maƙalewa a kwanso. Wannan na'urar da ke girgiza kwanso da ɓawon gyaɗar Turawa ko totuwar masara don ya yi ƙyalli, ƙurar da take tayarwa ita ce matsalar. Yaro mai rarrafe yana dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun ba a ga wata alama ba. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Abin da muka yi a gidanmu: wankin kwanso da ruwa yake yi, ba a busasshe ba. Yana da takalmi da riga na gareji da ba sa shigowa falo. Ba ci ba sha a wurin. Yana gamawa sai sabulu kafin ya ɗauki yaro. Ƙofar kuma da kwaɗo. Ka kuma gaya wa likitan yaranku cewa ana wannan aiki a gida, zai iya gwada jininsu.

Baban Amira (Texas)

Hajiya, Allah ya biya ki. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, bokitin nan ma a buɗe yake kusa da keken Amira. Yanzu zan je in ɗauke shi. Zan nuna wa uwargida saƙonki.

Jikan Sarkin Baka

Gaisuwa ga manya. Ni daga gida nake bin ku, ƙasar Bauchi. Ina karantawa ina mamaki, don wannan abin da kuke saya wa littafi da sikeli, mu a nan tun muna yara muke ganin iyayenmu suna yi. Kakana da tafin hannu yake auna albarushi ya ɗura wa adakarsa, ya danna tsumma, ya zuba dalma, kuma ya kashe gwanki da ita ba ɗaya ba ba biyu ba. Tambayata ita ce: wani abokina ya ce garin da ke cikin harsashin zamani ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, wai in an farke harsashi aka zuba wa bindigar toka tana kai wa nesa. Gaskiya ne?

Alhaji na Minnesota

Ɗana, don girman Allah kada ka yi, kuma ka je yau ɗin nan ka hana abokinka. Ba na wasa da wannan magana.

Garin kakanka da garin harsashin zamani suna ne kawai ya haɗa su. Na kakanka shi ne baƙin albarushi mai hayaƙi, wanda duniya ta yi ɗaruruwan shekaru tana amfani da shi, matsinsa kaɗan ne, shi ya sa ake iya auna shi da mudu ko da ido a wuce lafiya galibi. Na zamani marar hayaƙi wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma da ya fito sai da aka sake ƙarfen bindigogi gaba ɗaya don su iya ɗaukarsa. Bindigar toka ta maƙerin gida, wadda sau da yawa bututunta na famfo ne ko sandar sitiyarin mota, ba za ta ɗauka ba. Fashewa take yi a hannu, ta gindi, wajen fuska. Ko a nan Amurka, bindigogin ɗuri ta baki da kamfani ya ƙera da ƙarfe mai kyau, za ka ga an rubuta a jikin bututun cewa baƙin gari kaɗai za a sa.

Ina yaro a garinmu akwai wani maharbi da muke kira Baba, mutum mai kirki, yana ba mu naman zomo. Wani ya kawo masa harsasan soja ya farke. Na ga hannunsa bayan abin ya faru, yatsu biyu sun tafi, idonsa ɗaya kuma bai sake gani da shi ba. Da sauran ukun yake noma, da su yake ciyar da mutum tara. Har yau in na buɗe gwangwanin gari sai na tuna shi.

Jikan Sarkin Baka

Innalillahi. Na ji, Baba, kuma na gode. Zan same shi bayan Magariba in sha Allah.

Lauya Ɗan Zazzau

Bari in ƙara wa ɗan'uwanmu na Bauchi, da duk wanda ke karantawa daga Najeriya. Wannan hirar ta mutanen da dokar inda suke ta ba su dama ce. A gida, Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja ba. Aikin irin su DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kaduna tun 1964. Ita kanta bindigar toka da lasisi ake riƙe ta a dokance, daga wajen 'yan sanda. A halin da Arewa take ciki yanzu, a kama mutum da injin ɗuri da buhun kwanso, babu mai tsayawa jin cewa na farautar gada ne. Kada kuma wani na waje ya ce zai saƙa wa ɗan'uwa dayis ko faraima a cikin kaya, laifi ne a can, laifi ne a nan.

Ku na Amurka kuma: dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda ke ɗura wa kansa, amma sayarwa sai da lasisin masu ƙera harsashi. Sannan a wajen dokar, kalmar harsashi ta haɗa da kwanso da faraima da gari da ƙwaya. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki, asali an hana shi mallakar waɗannan, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, misali yana riƙe da lasisin farauta mai rai. Ranar da lasisin ya mutu, bokitin garejin ya zama abin tuhuma. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin.

Baban Amira (Texas)

Na gode Barista. Ni ina da katin zama na dindindin, lasisina kuma ina sabunta shi duk shekara. Amma akwai ɗalibai a zauren nan da ya kamata su karanta wannan sau biyu.

Ɗan Damagaram a Jamus

Ku kam kuna cikin sauƙi. A nan Jamus ba za a sayar maka da garin ba sai ka nuna izini na sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa. Sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, an bincika tarihinka, ka kuma nuna dalilin buƙata, kamar takardar farauta. Da farko na ji haushin abin, amma a kwas ɗin ne aka ajiye mana bindigogin da suka fashe a kan tebur muka ɗaga da hannunmu. Kusan kowace, malamin ya ce, gari ne aka rikita: mutum ya zuba garin ƙaramar bindiga mai saurin ci a kwanson babbar bindiga. A ido garin biyu suna iya kama. Tun daga ranar, gwangwani ɗaya tak nake ɗorawa a tebur, sauran suna cikin kabad a wani ɗaki. In na gama, ragowar ya koma gwangwaninsa nan take, ba ya kwana a cikin mazurari.

Sai maganar kwanson da abokinka ya ba ka, Baban Amira. Haska tocila cikin kowane. In ka ga rami ɗaya a tsakiya, tsarin faraimar Boxer ne, shi ake ɗurawa. In ka ga ƙananan ramuka biyu, Berdan ne, ajiye shi gefe don zai karya maka allurar dayis. Abin da ke burge ni a tarihin: Boxer Baturen Ingila ne amma tsarinsa a Amurka ya zauna, Berdan kuwa Ba'amurke ne amma nasa Turai ce ta rungume shi.

Abu Safwan

Ni fa ban yarda da kwanson da ban san tarihinsa ba sam. Sau nawa aka ɗura shi kafin ya zo hannunka? Ba ka sani ba. Baban Amira, naka da ka harba sau ɗaya daga kwali, su ne dukiyarka. Na abokin nan ka kai wa masu gwangwan.

Ɗan Damagaram a Jamus

Yaya, wannan ya yi tsanani. Ya tambayi mutumin mana. In sabbi ya saya ya harba sau ɗaya, meye laifinsu? A dai raba su bisa tambarin da ke gindi, kada a cakuɗa. Musamman in akwai na soja, 7.62, don tagullarsu ta fi kauri, cikinsu ya fi ƙunci, gari ɗaya zai ba da matsi mafi yawa a cikinsu.

Abu Safwan

Mai farawa ne fa. Bai san fuskar kwanson da ya gaji ba. Ni na taɓa ɗebo na ƙasa a filin harbi, ɗaya ya tsinke min a gindi, iska mai zafi ta bugo min fuska, rabin kwanson ya maƙale a ciki. Tabarau ne ya cece ni. Ranar farautar ta ƙare ke nan.

Alhaji na Minnesota

Ku duka kuna da gaskiya, amma a wannan zan bi bayan Abu Safwan. Baban Amira, ka fara da naka, kamfani ɗaya, guda 50. Na abokin su jira har idonka ya buɗe. Ga yadda ake gane wanda ya kusa tsinkewa: za ka ga wani siririn zobe mai haske a ɗan saman gindi. Ka miƙe wayar maƙale takarda, ka lanƙwasa bakinta, ka zura ciki ka ja a jikin bango. In ka ji ta faɗa wani kwari, matse bakin kwanson da filaya ka yar, don kada ka manta ka sake ɗauka. Wanda wuyansa ya tsage, ko faraima ta shige masa ba tare da ka ji ta kama ba, shi ma ya gama aiki.

Kan inji kuwa, mai aiki ɗaya a kowane ja za ka saya, ba mai juyawa da ke fitar da ɗaruruwa a awa ba. Wancan na 'yan gasa ne. Rock Chucker na RCBS nake da shi, ƙarfen zubi ne, jikokina ma za su gaje shi. Na Lee ya fi araha kuma harsashin da yake fitarwa barewa ba za ta bambance ba. Inda ba na son a yi tsumulmula shi ne sikeli. Ana auna gari da giren, giren 7,000 ne fam ɗaya, wato giram ɗaya ya haura giren 15. Kuskuren da idonka ba zai gani ba ya isa ya fitar da kai daga iyaka. Ka sayi duwatsun gwajin sikeli, ka gwada kafin kowane zama. Kashe fanka, don iska kaɗai tana motsa shi.

Kwanso yana ƙara tsawo da harbi. Na .308 iyakarsa inci 2.015, in ya wuce sai a datse, in ba haka ba bakinsa zai cusu ya riƙe ƙwaya, matsi ya haura. Tun da na farauta ne, ka riƙa matse kwanson a dayis gaba ɗayansa, ba wuya kaɗai ba, kuma ka gwada cewa kowane yana shiga bindiga sumul a filin harbi kafin ranar fita. Ba ka son sakatar bindiga ta ƙi rufuwa alhali barewa tana tsaye. In ka zuba gari a jere cikin allon kwanso, tashi tsaye ka haska tocila ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ga kowane yana da gari kuma tsayinsa daidai da na ɗan'uwansa. Wanda babu gari a ciki, faraima kaɗai tana iya tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. In ka taɓa jan kunama ka ji ƙara 'yar ƙarama, tsaya cak, cire sakata ka leƙa.

Sabon Shiga

Alhaji don Allah a taimaka mana da lissafin da kake amfani da shi a .308, gari wane iri kuma giren nawa, mu huta da gwaje-gwaje.

Alhaji na Minnesota

A'a ɗana, ba zan ba ka ba, kuma ina roƙon masu kula da zaure su goge duk lambar da wani ya rubuto. Ba rowa ba ce. Abin da ya zauna lafiya a bindigata yana iya yin yawa a taka, don mazaunin harsashi da bututu ba sa zama ɗaya ko da kamfani ɗaya ya ƙera. Yatsana ma yana iya zamewa in rubuta lamba a madadin wata. Ka buɗe littafinka, ka gwama da abin da kamfanin garin ya wallafa, irin su Hodgdon suna sa nasu kyauta a intanet. Ka fara daga lambar farawa, ka hau a hankali, uku-uku ko biyar-biyar, kana duba kwanso bayan kowane harbi. Sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, faraima ta baje ta shafe gefenta, ko wani tabo mai ƙyalli ya fito a gindin kwanso: ka tsaya, ka koma baya. Kuma rashin ganin alama ba izinin wuce iyakar littafi ba ne.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye, Baban Amira. Zafi yana ƙara wa gari matsi. Ni ina gwajina cikin sanyin Minnesota, kai kuwa garinku a watan Agusta yana haura digiri 38. Wata shekara na kai harsasan da na gwada a sanyi wata jiha ta kudu, na bar kwalin a gaban mota cikin rana, harbin farko sai da na sa tafin hannu na bugi sakata kafin ta buɗe. Kai gara ma ka yi gwajinka a zafi, abin da ya zauna lafiya a Agusta zai zauna a Nuwamba.

Malam Abban Zainab

Masha Allah, an amfana. Ina so in ja hankali kan zaɓin ƙwaya, don yana da alaƙa da halaccin naman. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambance abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa: na farko a ci, na biyu kada a ci. A kan haka malamai da yawa suka halatta abin da harsashi ya kashe, tun da yana hudawa yana zubar da jini, matuƙar an ambaci sunan Allah wajen harbi. In an tarar da dabbar da sauran rai, a yanka. An kuma umarce mu da kyautata kisa. To wanda ya ɗura ƙwayar da aka yi don huda takarda a gasa ya je ya harbi dabba da ita, ta raunata ta gudu ta mutu a wahale, bai kyautata ba. A sayi wadda aka yi don farauta.

Abu Safwan

Gaskiya ne Malam. Dalilin da ya sa John Nosler ya ƙirƙiro ƙwayar Partition ke nan a 1948, bayan ƙwayarsa ta tarwatse a kafaɗar wata babbar dabba a Kanada ba ta shiga ba. Ga barewar Texas, kowace ƙwayar farauta mai taushin baki, giren 150 ko 165, ta wadatar. Ni yanzu na koma ta jan ƙarfe zalla, saboda ɓurɓushin dalma da ke watsuwa a nama, yarana kuma suna ci. A California ma dole ce tun 1 ga Yulin 2019, an hana farauta da dalma kwata-kwata. Sai dai a kula, ta jan ƙarfe ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, lissafinta daban ne, ba a ɗauko na waccan a ɗora mata.

Maman Hanif

Wannan ta jan ƙarfen zan sa maigida ya duba. Na gode.

Baban Amira (Texas)

Jama'a, na dawo da rahoto bayan mako shida. Na sayi littafi na karanta, sannan na sayi ƙaramin injin Lee da sikeli mai hannu da duwatsun gwaji. Uwargida ta amince bayan na sa kwaɗo a kabad kuma na koma wankin ruwa. Na ware kwansona guda 50, tara sun wuce tsawo na datse. Ɗaya ya maƙale min a dayis don na manta ban shafa masa mai ba, sai da na sayo abin cirewa. A zaman farko, da na tashi na haska tocila kamar yadda Alhaji ya ce, na tarar da guda ɗaya babu gari. Amira ce ta ƙwanƙwasa ƙofa na juya na amsa mata, na tsallake shi. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Yanzu sai sun yi barci nake zama.

Na ɗura 20, mataki huɗu, biyar-biyar, daga lambar farawa. A yadi 100 mataki na uku ya fi haɗuwa, biyar ɗin sun zauna cikin kusan inci ɗaya da rabi. Na huɗu bai fi shi ba, kuma kamar faraimar ta ɗan baje, ko da yake sakata ba ta yi tauri ba. Ban kai iyakar littafi ba. In ci gaba ko in tsaya a na ukun?

Alhaji na Minnesota

Alhamdu lillahi, ka faranta min rai. Tsaya a na ukun. Inci ɗaya da rabi ya fi ƙarfin abin da kake buƙata a kan ƙirjin barewa. Ka ɗura wasu 15 irinsa sak, ka harba su a rana daban ka ga ko za su maimaita. Ka rubuta komai a jikin kwali da littafin ajiyarka: ranar, irin garin da lambar gwangwaninsa, faraima, ƙwaya, tsawon harsashi, da sau nawa aka ɗura kwanson. Ka kuma turo min hoton gindin kwanson mataki na uku da na huɗu a jere, tare da ɗaya na kamfani da ka harba a bindigar, a haske mai kyau, in gani da idona.

Baban Amira (Texas)

To Alhaji. Gobe in na dawo daga aiki zan ɗauka a hasken rana in turo, in sha Allah.